SAI DA TA KAI SHEKARA 51 AKA GAYA MATA SUNAN ABIN DA KE DAMUNTA

Ran 11 ga watan Afrilu na shekarar 2009, wani gidan talabijin na Ingila ya nuna wata mata mai shekara 47 da haihuwa ta fito gaban alƙalai uku da ɗimbin 'yan kallo a birnin Gilasgo, wai ta zo shiga gasar waƙa. Sunanta Susan Boyle, mutuniyar wani ɗan gari ce da ake kira Blackburn a ƙasar Sikotilan. Ba ta da aikin yi, ba ta taɓa aure ba, daga ita sai kyanwarta a gidan da iyayenta suka rasu suka bar ta. Da alƙalan suka soma yi mata tambayoyi sai ta shiga inda-inda, 'yan kallo kuwa suka dinga taɓe baki suna dariya ƙasa-ƙasa. Amma da ta buɗe baki ta soma rera waƙar, ba ta yi nisa ba sai ɗakin ya ɗauki tafi, mutane suka miƙe tsaye. Kafin mako ya zagayo miliyoyin mutane a ƙasashen duniya sun kalli hoton a intanet.

A ƙarshen watan Mayu aka kammala gasar, ta zo ta biyu, washegari kuwa aka kwantar da ita a wani asibiti a Landan saboda tsananin gajiya da ruɗewa. Jaridun Ingila suka yi ta maimaita labarin da ita kanta ta tashi da shi tun tana yarinya, watau cewa uwarta ta haife ta tana da shekara 45, naƙuda ta zo da gardama, numfashin jaririya ya ɗauke na ɗan lokaci, saboda haka ƙwaƙwalwarta ta sami rauni. Da wannan bayani aka reni Susan, da shi ta shiga makaranta inda yara suka laƙaba mata sunan da ke nufin doluwa, da shi kuma ta zauna tana jiyyar uwarta har tsohuwar ta rasu a 2007 tana da shekara 91.

Sai a watan Disamba na 2013 ta shaida wa jaridar Observer cewa ashe duk wancan bayani kuskure ne. Shekara guda kafin nan ta kai kanta wurin wani ƙwararren likita a Sikotilan, tana tsammanin wata muguwar cuta ce take damunta. Likitan ya bincika ta, ya gwada kaifin hankalinta, ya tarar ya ɗara na yawancin mutane, sa'an nan ya ce mata abin da take ɗauke da shi tun haihuwa shi ne larurar Asperger, wadda a yau likitoci suke lasaftawa cikin otizim. Ta ce da jin haka sai hankalinta ya kwanta, domin da ma ta daɗe da sanin cewa sunan da aka laƙa mata tun tana ƙarama bai dace da ita ba.

Masu karatu za su yi mamaki, yaya mutum zai shekara hamsin a ƙasar da asibiti yake kyauta, likitoci kuma birjik, amma a kasa gane abin da ke tare da shi? Amsar tana cikin tarihin ita kanta larurar.

MENE NE OTIZIM?

Da farko dai sai mun gyara suna. Gidajen rediyonmu sun saba kiran wannan abu galahanga. To amma wannan kalma buhu ce da ake zuba kowane irin yaro a ciki, da wanda wuyansa bai tsaya ba, da wanda ya kasa karatu, da wanda shan inna ta taɓa. Da zarar Bahaushe ya ji an ce galahanga, abin da zai zo masa a rai shi ne yaro mai dalalar da miyau wanda ba ya iya yi wa kansa komai. Ba zai taɓa kawo akawun banki ko malamin lissafi ko mawaƙiya a ransa ba. Don haka a wannan shafi muka zaɓi mu ari sunan da likitoci suke amfani da shi.

Otizim wani bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun daga ciki, kuma mutum yana tare da shi har ƙarshen ransa. Alamunsa sun kasu gida biyu. Gida na farko ya shafi hulɗa da jama'a: wahalar gane abin da fuska ko murya take nufi, rashin gane habaici da zaurance da gatse, rashin sanin lokacin da za a karɓi magana da lokacin da za a bar ta, da wahalar ƙulla abota ko riƙe ta. Gida na biyu ya shafi ɗabi'u: son a yi komai yau kamar yadda aka yi shi jiya, tashin hankali idan an canza shiri ba zato, nutsewa cikin abu guda har mutum ya san ciki da bayansa, maimaita wani motsi kamar kaɗa hannu ko rausaya jiki, da kuma jin ƙara ko haske ko wari ko taɓin tufa fiye da yadda sauran mutane suke ji. Wani ƙarar injin niƙa takan shige masa kai kamar ana huda shi da basilla, alhali na kusa da shi ko lura bai yi ba.

Abin hawa-hawa ne. Akwai wanda ba zai taɓa yin magana ba, kuma yana bukatar mai kula da shi dare da rana. Akwai wanda zai yi digiri, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, sai dai kullum yana komawa gida a gajiye liƙis, ba don nauyin aiki ba, don wahalar zama da mutane. Irin waɗannan na biyu su ne suke girma ba a gane su ba.

YADDA AKA TSALLAKE SU

A shekarar 1943 ne wani likitan yara a asibitin Johns Hopkins na Baltimore a Amurka, Leo Kanner, ya buga bayanin yara goma sha ɗaya da ya lura suna da wani hali iri ɗaya. Na farkonsu, Donald Triplett, an haife shi a 1933 a Jihar Mississippi. Wannan yaro da ake ganin ba zai amfanu ba ya girma ya yi karatun kwaleji, ya yi aiki shekara da shekaru a bankin garinsu, ya zaga ƙasashen duniya shi kaɗai, ya rasu a watan Yuni na 2023 yana da shekara 89. A 1944 kuma wani likita a birnin Biyena na Ostiriya, Hans Asperger, ya rubuta bayanin wasu yara maza masu magana tsaf, masu kaifin basira a fannin da suke so, amma ba su iya zama da 'yan uwansu yara ba. Da yake da Jamusanci ya yi rubutun, kuma ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, sai aikin nasa ya shige duhu a ƙasashen masu jin Ingilishi har kusan shekara arba'in.

A tsawon wannan lokaci ma'aunin Kanner kaɗai likitoci suka riƙe, shi kuwa matsattse ne. Wani bincike da Victor Lotter ya yi a Ingila a 1966 ya sami yara huɗu zuwa biyar ne kacal cikin dubu goma. Bugu da ƙari aka ɗora wa iyaye mata laifi, aka ce sanyin zuciyarsu da rashin nuna ƙauna ne ya sa 'ya'yansu suka janye daga duniya. Wannan ƙazafi ya ci mata da yawa kafin binciken tagwaye da aka buga a 1977 ya nuna cewa gado yana da hannu babba a ciki.

Wadda ta buɗe ƙofar ita ce Lorna Wing, likitar ƙwaƙwalwa a Landan, wadda ita ma tana da 'ya mai otizim. Ita da abokiyar aikinta Judith Gould suka bincika yaran unguwar Camberwell suka buga sakamako a 1979, suka nuna cewa abin ya fi faɗin yadda ake zato. A 1981 ta tono aikin Asperger ta gabatar da shi da Ingilishi. Amma sai a 1994 sunan ya shiga babban littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke dubawa, wanda ake kira DSM. A lokacin Susan Boyle tana da shekara 33. Watau duk tsawon zamanta a makaranta babu malami ko likitan da zai iya kiran sunan abin da ke damunta, domin sunan bai iso ba tukuna. A 2013 aka sake gyara littafin, aka soke sunan Asperger aka haɗe su duka a ƙarƙashin otizim, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bi sahu a nata kundin da ya soma aiki a 2022.

Yau lissafi ya canza ƙwarai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yaro ɗaya cikin ɗari, hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka kuwa a rahotonta na 2023 ta ce ɗaya cikin 36 a tsakanin yara masu shekara takwas. Wani zai ce ai annoba ce ta ɓarke. To amma da aka bi gida-gida a Ingila a 2007 ana gwada manya, sai aka tarar su ma kusan ɗaya cikin ɗari ne, tsofaffi da matasa, kuma yawancinsu ba su sani ba. Wani bincike na jami'ar UCL ta Landan a 2023 ya ƙiyasta cewa cikin masu otizim da suka haura shekara hamsin a Ingila, fiye da tara cikin goma ba a taɓa gano su ba. Da ma suna nan, ido ne bai kai kansu ba.

A nan ya kamata mu tsaya mu kashe wata jita-jita, tun da mun san irin ɓarnar da tsoron allura ya yi mana a ƙasar nan. Maganar cewa allurar rigakafin ƙyanda tana jawo otizim ta samo asali ne daga wata takarda da wani likita, Andrew Wakefield, ya buga a mujallar Lancet a 1998. An bincika an tarar da maguɗi a ciki, mujallar ta janye takardar a 2010, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitocin Ingila a wannan shekara. Bincike a kan dubban ɗaruruwan yara bai sami wata alaƙa ba.

RANAR BINCIKE

Babba ba ya wayar gari haka kawai ya ce a gwada shi. Galibi wani abu ne yake tunzura shi. Da yawa ɗansu aka kai asibiti, likita yana jero tambayoyi a kan yaron, uban yana zaune yana jin kamar tarihinsa ake karantawa. Wasu aiki ne ya gagara, an kore su nan an kore su can, ba don rashin iyawa ba, sai don sun gaya wa shugaba gaskiya tsirararta a gaban jama'a. Wasu aure ne ya soma rawa. Wasu kuma sun shekara goma suna shan maganin baƙin ciki da fargaba, sauƙi bai samu ba.

A Ingila hanyar takan fara ne daga likitan unguwa. Shi zai ba mutum wata gajeriyar takarda mai tambaya goma, wadda aka tsamo daga wata doguwa mai tambaya hamsin da Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa na jami'ar Cambridge suka fitar a 2001. Wanda ya sami maki shida ko fiye, sai a tura shi wurin ƙwararru. Takardar nan rariya ce kawai, ba ta yanke hukunci. Daga nan sai jira. Ƙa'ida ta ce a fara duba mutum cikin mako goma sha uku, amma a 2024 masu jiran layi a Ingila, yara da manya, sun haura dubu ɗari biyu, kuma a wurare da dama jiran yakan kai shekaru. Mai hali yakan biya kuɗi mai yawa a asibitin kuɗi don ya huta.

Abin da yake ba mutane mamaki idan ranar ta zo shi ne ba a ɗibar jini, ba a ɗaukar hoton kai, babu wata na'ura da za ta yi ƙara ta ce ga shi. Duk aikin magana ne da lura, yakan ci sa'o'i da dama, wani lokaci a zama biyu ko uku. Likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam, wani lokaci tare da mai gyaran magana, za su zauna da mutum su bi rayuwarsa daki-daki. Yaya kake ji a wurin biki? Idan an ce za a zo ƙarfe huɗu aka zo ƙarfe biyar, me yake faruwa a ranka? Wane abinci ne ba ka iya kai shi baki saboda yadda yake a harshe? Kana da aboki? Me abota take nufi a wurinka? Tambayar nan ta ƙarshe ta sa manya da yawa yin shiru na dogon lokaci.

Sa'an nan akwai wani gwaji da ake kira ADOS, wanda yake da kashi na musamman don manya masu magana sosai. Za a miƙa wa mutum littafin hotuna marar rubutu a ce ya ba da labarin, ko a zube masa 'yan tarkace a tebur a ce ya ƙaga tatsuniya da su, ko a ce ya kwatanta yadda ake goge haƙora. Dattijo mai furfura yakan ji kamar an mai da shi ɗan firamare. Amma mai gwajin ba labarin ne ya dame shi ba. Yana duba ko hannu da fuska suna tafiya tare da magana, ko mutum yana lura da halin da mutanen cikin hoton suke ciki ko kuwa agogon bango da lambar mota yake gani, ko kuma idan mai gwajin ya jefo wani zance game da kansa za a tambaye shi ƙarin bayani ko za a wuce.

Sashen da ya fi wuya ga babba shi ne na ƙuruciya. Sharaɗi ne alamun su kasance tun mutum yana ƙarami, domin wanda halinsa ya canza yana da shekara talatin wani abu ne dabam yake damunsa. Saboda haka akan nemi uwa ko uba ko babbar ya, a yi musu tambayoyi na sa'a biyu ko uku: yaushe ya fara magana, yana nuna abu da yatsa don a gani tare da shi, yana wasan 'yar tsana ko langa da yara ko kuwa jera duwatsu yake yi shi kaɗai? Akan nemi tsofaffin rahotannin makaranta. Mai shekara hamsin kuwa sau da yawa iyayen sun rasu, ko tsufa ya cinye tunaninsu, ko kuma uwar ta ɗauki tambayoyin a matsayin tuhuma ta ce ita ɗanta lafiyarsa ƙalau. A irin wannan hali likita yakan dogara da abin da mutum ya tuna da kuma shaidar mata ko miji.

Daga nan sai likita ya tace. Fargabar shiga mutane, da larurar rashin natsuwa, da raunin da wahalar ƙuruciya take bari a zuciya, da wasu nau'o'in taɓin hankali, duk suna iya kama da otizim, kuma suna iya zama tare da shi a jikin mutum guda. Ba kowa ne yake fita da sunan da ya shiga nema ba, kuma wannan ma amfanin binciken ne.

Mata sun fi shan wuya a wannan mataki. An daɗe ana cewa maza huɗu ne ga mace ɗaya, amma wani nazari na 2017 ya nuna abin ya fi kusa da uku ga ɗaya, watau akwai matan da ake tsallakewa. Dalili kuwa shi ne yarinya takan koyi ɓoyewa. Takan zauna ta haddace yadda ƙawayenta suke dariya da gaisuwa, ta tilasta wa kanta kallon ido, ta shirya abin da za ta faɗa tun kafin ta fita daga gida. A waje sai a ce ga yarinya mai hankali, a ɗaka kuwa ita kaɗai ta san abin da ta biya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

BAYAN AN FAƊI SUNAN

Waɗanda suka bi ta wannan hanya sukan ambaci abu biyu da suke zuwa tare. Na farko sauƙin zuciya, irin wanda Susan Boyle ta faɗa, domin mutum ya gane cewa shi ba malalaci ba ne, ba mai girman kai ba ne, ba kuma dolo ba. Na biyu baƙin ciki, wani lokaci har da fushi, idan ya waiwaya ya tuna dukan da ya sha a makaranta, da aikin da ya rasa, da auren da ya mutu, ya ce da an sani tun da wuri fa? Chris Packham, mai shirya wa BBC shirye-shiryen namun daji, wanda shi ma a 1961 aka haife shi kuma sai da ya haura shekara arba'in aka gano nasa, ya yi fim a 2017 ya bayyana yadda ya shafe shekaru yana ɓoye halinsa ga abokan aikinsa, da irin ƙuncin da ya shiga har ya yi tunanin kashe kansa.

Wannan ba nasa ba ne shi kaɗai. A 2014 aka buga wani bincike a kan manya fiye da 360 da aka gano larurar tasu a wani asibiti a Cambridge, kashi biyu cikin uku suka ce sun taɓa tunanin hallaka kansu. A 2021 kuma ofishin ƙididdiga na Ingila ya ce kimanin biyu ne kawai cikin goma na manya masu otizim suke da aikin yi. Wanda yake ganin neman wannan suna gata ne na Turawan da suka ƙoshi, sai ya sake duba waɗannan alƙaluma.

Babu ƙwaya ko allurar da take warkar da otizim, duk wanda ya ce yana sayar da ita kuwa aljihunka yake nema. Ana dai ba da magani don abubuwan da suke rakiyarsa, kamar farfaɗiya da rashin barci da baƙin ciki. Abin da takardar likita take saya wa mutum shi ne hujja. A Ingila, inda aka kafa dokar otizim tun 2009, ma'aikaci yana iya neman a ba shi umarni a rubuce maimakon da baki, a matsar da teburinsa daga hayaniya, a sanar da shi canji tun da wuri. Ƙananan abubuwa ne, amma sukan raba mutum da takardar sallama. Idan kuma aka dace da aikin da ya yi daidai da halin mutum, sai a sha mamaki. Temple Grandin ta Amurka, wadda ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara uku, ta lura da abubuwan da suke firgita shanu waɗanda sauran mutane ba sa gani, kamar inuwa a ƙasa ko sarƙa mai lilo, ta tsara hanyoyin shigar da shanu mayanka waɗanda aka yi amfani da su ga kusan rabin shanun Amurka.

Gaskiya ne akwai gardama. Tsakanin 1998 da 2018 yawan waɗanda ake ganowa a Birtaniya ya ninka kusan sau tara, wasu likitoci suna ganin an buɗe ƙofar fiye da kima, iyayen yara marasa magana kuma suna kukan cewa masu iya magana sun mamaye fagen har an manta da nasu. Kukan nan yana da tushe. Akwai kuma masu kallon ɗan gajeren hoto a waya su yanke wa kansu hukunci. A ganinmu zargin kai mafari ne mai kyau, amma bai kai matsayin binciken ƙwararre ba.

TO MU FA A NAN GIDA?

An taɓa ɗauka cewa otizim ciwon Turawa ne. Lotter ɗin nan da muka ambata ya zo Afirka ya duba yara a ƙasashe da dama, har da Nijeriya da Ghana, ya buga sakamako a 1978 cewa akwai shi. Yaran da aka haifa a wancan zamani yanzu su ne magidanta. Kowace unguwa tana da wanda ake cewa bahago ne, ko miskili, ko ba ya son mutane: mutumin da ya san lambar kowace motar da take tashar garinsu, wanda ba ya zuwa ɗaurin aure sai an ja shi, wanda yake toshe kunne idan an tayar da janareta. Ba duka ne masu otizim ba, kada a ɗauka haka. Amma akwai su a ciki, kuma da yawa an sha kai su wurin masu magani ana cewa iska ce ko sammu. Mace kuwa takan sha saki, a ce ba ta iya zama da dangin miji ba.

Wanda yake son a duba shi, ƙofar ita ce sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, kamar na Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Ibadan, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da suke Yaba a Legas, da Aro a Abeokuta, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Sai dai likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne kawai ga jama'a fiye da miliyan ɗari biyu, kuma ɗan abin da ake yi a kan otizim ya fi karkata ga yara. Ta fuskar doka an ɗan motsa: a watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, a Janairu na 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958.

Akwai kuma matsalar ma'auni. Gwaje-gwajen nan a Amurka da Ingila aka ƙera su, da al'adar can. Bature yana ɗaukar rashin kallon ido alama ce, mu kuwa yaron da ya tsura wa babba ido shi ne marar kunya. Matar da ta sunkuyar da kai ta amsa wa likita da kalma ɗaya tana iya zama mai otizim, tana kuma iya zama mai kunya da kawaici kawai. Haka nan gaisuwarmu mai tsari, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, tana iya zama mafaka ga mai larurar, domin abin haddacewa ne, sai an wuce gaisuwa an shiga hira sa'an nan wahalarsa take fitowa. Likitan da zai yi wannan aiki a tsakaninmu dole ya san waɗannan. Ta wani gefen kuma muna da abin da Bature ya rasa. Ko da rahoton makaranta ya ɓace, da wuya a rasa goggo ko inna ko yaya a gidan da za ta tuna cewa wane bai yi magana ba sai da aka yaye ƙanensa, kuma ba ya yarda a taɓa masa kwanon cin abincinsa.

Tsoron da ya fi girma shi ne na suna. Mutum zai ce in na je asibitin ƙwaƙwalwa aka gan ni, wa zai ba ni 'yarsa, wa zai auri ƙannena? Tambaya ce ta gaske, kuma babu wanda zai amsa wa wani ita. Abin da za mu iya faɗa shi ne sakamakon bincike sirri ne tsakanin mutum da likitansa, shi yake da ikon zaɓen wanda zai gaya wa. Susan Boyle ma sai da ta riƙe nata shekara guda kafin ta faɗa wa duniya.

A cikin wannan shekara da ta yi shiru ne, a watan Yuli na 2013, ta yi rangadin waƙa na farko ita kaɗai a garuruwan Sikotilan, abin da a 2009 ake ganin ba za ta iya ɗauka ba. A watan Yuli na 2014 ta yi waƙa a bikin buɗe wasannin ƙasashen Kwamanwel a Gilasgo. A 2022 ta sami shanyewar ɓarin jiki wadda ta taɓa maganarta, ta yi ta fama da koyon furuci, a watan Yuni na 2023 kuma ta koma dandalin gasar da ta fito da ita, ta sake rera waƙar da ta rera a 2009.